TAKARDAR BAYANIN KAI: YADDA ZA MU GYARA TA DOMIN NEMAN AIKI

Gabatarwa

Kowace shekara, idan 'yan ajin ƙarshe suka rubuta jarrabawa suka naɗe tabarminsu, mukan raka su bakin ƙofar makaranta da addu'a da fatan alheri. Bayan shekara biyu ko uku sai mu ga waɗansunsu sun dawo riƙe da ambulan, suna cewa, "Malam, a duba mini wannan takarda, na kai ta wurare da dama amma ko kira ba a yi mini ba." Idan muka buɗe, sau da yawa mukan tarar cewa yaron yana da ƙoƙari, yana kuma da hali, amma takardar da ya aika ta wakilce shi ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu keɓe shafukan Hausa na wannan littafi domin mu yi nazari tare a kan takardar bayanin kai, wadda kowa ya fi sani da suna CV. Muna roƙon 'yan aji shida da tsofaffin ɗalibai su karanta a natse, iyaye kuma su sa a karanta musu.

1. Me ya sa takarda ta zama dole?

Mu mutanen ƙasar Tsanyawa manoma ne tun kaka da kakanni. Gero da dawa da gyaɗa da wake su suka rene mu, su suka biya kuɗin makarantar yawancinmu. Amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, ya wuce Bichi, ya dubi dama da hagu, zai ga cewa babu sauran daji, gona ce ke bin gona. Tun cikin shekarun 1960 wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a kan yadda jama'a suka yi cunkoso a karkarar da ke kewaye da Kano, suna noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da dubu 157 a ƙaramar hukumar Tsanyawa kaɗai, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke jiran rabonta. Saboda haka lalle ne waɗansunmu su nemi abinci da ilmi, ko a koyarwa, ko a asibiti, ko a kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa, ko a ɗakunan ajiyar hatsi na kasuwar Dawanau.

To, a can ba mu kaɗai ba ne. A watan Maris na 2014, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta ƙasa ta kira jarrabawar ɗaukar ma'aikata, mutum fiye da dubu 500 ne suka nema, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Turmutsutsun da aka yi a filayen wasa a ranar ya ci rayukan matasa fiye da goma. Mun kawo wannan ne ba don mu karya muku zuciya ba, sai don ku gane cewa mai ɗaukar aiki ba shi da lokacin da zai zauna da kowa. Takarda yake fara gani kafin ya ga fuska. Idan takardar ba ta tsayar da idonsa ba, ba zai taɓa sanin cewa kai ne ka fi kowa lissafi a ajinku ba.

2. Mece ce takardar bayanin kai?

Haruffan nan biyu sun fito ne daga kalmomin Latin guda biyu, curriculum vitae, watau tafiyar rayuwa. Amma kada sunan ya ruɗe mu. Ba tarihin rayuwa ake so ba tun daga ranar suna. Abin da ake so shi ne taƙaitaccen bayani, a jere, na wane ne kai, me ka karanta, me ka taɓa yi, me ka iya, kuma wa zai tsaya maka shaida. Ta bambanta da wasiƙar neman aiki. Wasiƙa ita ce sallama da gaisuwa da faɗin abin da ya kawo ka. Takardar bayanin kai ita ce kayan da ka kwance a gaban mai saye. Tare suke tafiya, amma kowace da aikinta.

Akwai darasi a labarin Leonardo da Vinci, mutumin Italiya wanda duniya ta sani da zane. Wajen shekarar 1482 ya rubuta wa Ludovico Sforza, mai mulkin birnin Milan, yana neman aiki. Da yake ya san mai mulkin yana cikin zamanin yaƙe-yaƙe, sai ya jera abubuwan da zai iya ƙerawa: gadoji marasa nauyi da sojoji za su iya ɗauka, da igwa, da dabarun rushe ganuwa. Zancen zane da sassaƙa sai can ƙarshe ya ambace shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye baiwarsa ba, amma ya sa abin da mai aikin yake bukata a gaba. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko: kafin ka rubuta, ka tambayi kanka, wannan mutum me yake nema? Wanda ya je kasuwar Bichi sayen tunkiya ba zai tsaya sauraron kirarin jaki ba, kome ƙarfin jakin. Takardar da za ka kai makarantar firamare ba ita za ka kai kantin magani ba, ko da yake kai ɗin dai kai ne.

3. Kafin alƙalami ya taɓa takarda

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Aikin farko shi ne ka fito da dukan takardunka na shaida, ka shimfiɗa su a kan tabarma, ka kwatanta su ɗaya bayan ɗaya. Abubuwa uku za ka duba.

Na farko, suna. Wannan matsala ta fi damun 'ya'yanmu fiye da yadda muke zato. Yaro yana da sunan yanka, yana da sunan da ake kiransa a gida, wataƙila an ƙara masa wani a wurin baftisma. A firamare an rubuta Yohanna, a sakandare ya ga dama ya koma John. Wani ya sa sunan mahaifinsa a takardar WAEC, ya sa na kakansa a ta NECO, a katin ɗan ƙasa kuma ya ɗora Tsanyawa a ƙarshe. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne, amma jami'in tantancewa mutum uku yake gani. Mun san wata tsohuwar ɗalibarmu da ta ci jarrabawar wata ma'aikata, ta ci ganawa, aka zo ranar duba takardu aka mayar da ita gida saboda harafi biyu da suka saɓa a sunan mahaifinta. Kafin ta gama zirga-zirgar kotu da buga sanarwa a jarida, an rufe ɗaukar. Ku zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya da jeri ɗaya tun kafin rajistar jarrabawar ƙarshe, ku riƙe shi har tsufa.

Na biyu, ranar haihuwa. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Yawancin iyayenmu ba su karɓa ba, shi ya sa ake zuwa kotu a yi rantsuwar shekaru. Babu laifi a wannan, laifin shi ne a yi rantsuwa biyu da ranaku biyu. Yanzu lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, watau NIN, ta ɗaure kome wuri ɗaya. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da ita, kuma hukumomin gwamnati suna tambayarta wajen ɗaukar aiki. Abin da ke cikinta shi ne kwamfuta za ta gaskata.

Na uku, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda kowane sashe na ƙasa zai samu, akwai kuma hukumar da aka kafa tun 1996 domin lura da wannan. Ma'ana, gurbin Jihar Kano haƙƙin ɗan Jihar Kano ne, ɗan Gurun ko Kabagiwa ko 'Yan Kamaye kuwa yana ciki. Ana fara neman takardar ne daga mai unguwa da dagaci, zuwa hakimi, sannan sakatariya. Kada ka jira sai an buɗe ɗaukar aiki, domin a lokacin layi ya yi tsawo. Ka nema tun kana da sarari, cikin ladabi, tare da mahaifinka ko wani dattijo da aka sani.

4. Sassan takardar

Takardar mai fara neman aiki shafi ɗaya ta isa, idan ta yi yawa biyu. Ga yadda ake jera ta.

(a) Suna da adireshi. Cikakken suna a sama da manyan haruffa, sai garin da kake zaune, sai lambar waya, sai adireshin imel. Lambar ta zama taka ce, wadda take kunne. Idan babu sabis sosai a ƙauyenku, ƙara lambar wani ɗan'uwa mai hankali, ka kuma gaya masa. Adireshin imel ya kasance da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka a filin ƙwallo ba.

(b) Gabatar da kai. Layi biyu ko uku da za su ce kai wane ne a fagen aiki da abin da kake nema. A nan ne ɗalibai suka fi kwafar juna. Mun taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar malamai, muka karanta takardu tuli guda, kusan dukansu da jimla iri ɗaya ta alkawarin ba da gudummawa ga ci-gaban ma'aikata, domin a shago ɗaya aka buga musu. Jimlar da kowa zai iya rubutawa ba ta gaya wa kowa kome ba. Gara ka ce kai mai takardar NCE ne a fannin lissafi, ka koyar a aji huɗu na firamare, kana neman koyarwa a ƙaramar sakandare.

(c) Ilmi. A fara da na baya-bayan nan, a koma baya: sunan makaranta, shekarar shiga da ta fita, da takardar da aka samu. Idan ka yi Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bichi ko Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ita ce a sama, sakandare a ƙarƙashinta. Mai takardar sakandare kaɗai ya rubuta darussan da ya ci da makinsu. Ku tuna, daga A1 zuwa C6 ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai. Yawancin guraben karatu da na aiki, har da aikin ɗan sanda, suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wanda bai cika ba, maganinsa ya sake zama, ba ya gyara maki da biro ba.

(d) Rajistar sana'a da bautar ƙasa. Mai son koyarwa ya sani cewa takardar malanta mai daraja ta biyu da iyayenmu suka yi aiki da ita ta daina isa; NCE ce mafi ƙaranci, sannan akwai rajista da hukumar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993. Ma'aikatan jinya da na lafiya su ma suna da hukumominsu. Idan ka yi rajista, rubuta. Mai digiri ko babbar difloma ya nuna shekarar da ya yi bautar ƙasa ta NYSC, wadda aka fara a 1973, ko takardar yafewa idan ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu.

(e) Ayyukan da ka taɓa yi. Za mu yi magana a kansu a sashe na gaba.

(f) Abubuwan da ka iya. Harsuna, kwamfuta, tuƙi idan kana da lasin, ɗinki, gyaran injin ban-ruwa ko na hasken rana. Kada ka raina Hausa. Ƙungiyoyin lafiya da na noma da ke aiki a karkara suna neman wanda zai iya karanta ta, ya rubuta ta daidai, ya kuma fassara daga Turanci. Wanda ya saba karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a gaban jama'a tun yana yaro yana da wannan baiwa bai sani ba.

(g) Masu tsaya maka shaida, mutum biyu ko uku.

Akan tambaye mu game da addini, ko a rubuta ko a bari. Amsarmu ita ce, takardar bayanin kai ba ta bukatar addini, ko ƙabila, ko yawan 'ya'ya, sai idan fom ɗin ma'aikatar ne ya tambaya. Idan an tambaya, a faɗi gaskiya. Mun san akwai waɗanda tsoro ya sa suka sauya suna domin su sami shiga, kuma ba mu raina abin da ya tsorata su ba. Amma sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa, kuma aikin da aka shiga da ɓoyon suna, kullum da fargaba ake yin sa. Mu Hausawa ne, mu Kirista ne, nan aka binne cibiyarmu. Babu abin ɓoyewa a ciki, babu kuma abin tsokana.

5. "Malam, ai ban taɓa yin aiki ba"

Wannan ita ce maganar da muka fi ji, kuma yawanci ba gaskiya ba ce. Ɗan ƙauye yakan fara aiki tun kafin ɗan birni ya iya ɗaure takalmi, sai dai bai ɗauke shi aiki ba tun da ba a biya shi albashi ba. Mai ɗaukar aiki yana son ya san abu uku: za a iya ba ka amana, kana gama abin da ka fara, kana iya zama da mutane. Ka zauna ka tuna inda ka nuna waɗannan.

Shin ka taɓa riƙe wa ƙungiyar manoma littafin rabon taki? Ka taɓa auna hatsi a kasuwa, kana rubuta wa maigidanka shiga da fita? Kin taɓa bin ma'aikatan allurar shan-inna gida-gida kina cika fom? Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin da irinsa ne aka kai ga ayyana Afirka, har da Nijeriya, a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020. Ka yi aikin wucin gadi da hukumar zaɓe a 2023? Ka je noman rani a Watari ta ƙasar Bagwai? Kin koyar a makarantar Lahadi, ko kin riƙe kuɗin ƙungiyar mawaƙa, ko kin taya Zumuntar Mata rubuta rahoto? Ka yi shugaban ɗalibai, ko mai kula da ɗakin karatu, ko sakataren FCS? Koyarwar gwaji da ɗaliban kwaleji ke yi da aikin koyon sana'a a ma'aikata duk suna ciki.

Sirrin shi ne yadda za a faɗe su. A yi amfani da kalmar aikatawa, a sa adadi, a sa lokaci. Ga misalai, alƙaluman ciki na kwatance ne kawai, kowa ya sa nasa na gaskiya.

Maimakon "Ina da riƙon amana," a ce: "Na riƙe asusun ƙungiyar matasa mai mutum 40 tsawon shekara 2, ina ba da rahoton kuɗi kowane wata uku."

Maimakon "Na yi noma," a ce: "Na kula da gonar gidanmu damina 3, na shirya 'yan ƙwadago, na rubuta abin da aka kashe da abin da aka girbe."

Maimakon "Ina son yara," a ce: "Na koyar da yara 35 karatu da rubutu kowane hutu daga 2022 zuwa 2024."

Jimlolin farko yabon kai ne, Hausawa kuwa sun ce yabon kai jahilci. Na biyun labari ne da za a iya bincikawa. Mun san tarbiyyarmu ta kunya da kawaici takan hana mu faɗin abin da muka yi, musamman 'yan mata. Amma faɗin gaskiyar aikinka ga wanda ya tambaya ba fahariya ba ce. Da Turanci za ku rubuta takardar, amma muna ba ku shawara ku fara tsara ta da Hausa, domin abin da ba ka iya faɗa da harshenka ba, ba za ka iya kare shi da harshen wani ba.

6. Masu tsaya maka shaida

A Littafin Sama'ila na Fari, sura 16, lokacin da ake neman wanda zai kaɗa wa Sarki Saul molo, ba Dawuda ne ya kai kansa ba. Wani bawan sarki ne da ya taɓa ganinsa ya ba da shaidar gwanintarsa da jaruntakarsa da hankalinsa. Haka kuma a sura ta ƙarshe ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Manzo Bulus ya gabatar da Fibi ga ikilisiyar da ba ta san ta ba. Shaidar wani a kanka tsohuwar hanya ce, kuma har yau tana da nauyi.

Ka zaɓi wanda ya san aikinka da idonsa: shugaban makaranta, malamin da ya duba koyarwarka, jami'in lafiyar da kika yi aiki a ƙarƙashinsa, maigidan da ka yi wa awo. Fasto ko dattijon ikilisiya zai iya shaidar halinka, amma kada dukan ukun su fito daga majami'a ɗaya. Idan malaminka Musulmi ko dagacin garinku zai tsaya maka, wannan yana nuna cewa kana zaman lafiya da kowa. Kada ka sa mahaifi ko kawu, domin ba wanda zai kushe nasa. Kada ka sa sunan babban mutumin da bai san ka ba don kawai sunansa ya yi ƙara. Kuma kafin ka rubuta sunan kowa, ka je ka gaishe shi, ka nemi izini, ka bar masa kwafi. Abin kunya ne a buga wa mutum waya ya ce, "Wane ne haka?"

7. Ramin ƙarya ƙurarre ne

Gyaran takarda daban, ƙarya daban. A 1999 Salisu Buhari, ɗan majalisa daga Jihar Kano, ya zama kakakin Majalisar Wakilai. Cikin 'yan makonni mujallar TheNews ta bayyana cewa bai yi Jami'ar Toronto da ya ce ya yi ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru domin ya kai 30 da doka ta nema. A watan Yuli na shekarar ya sauka yana neman gafara a gaban 'yan ƙasa. A watan Satumba na 2018 ministar kuɗi, Kemi Adeosun, ta ajiye aiki a kan takardar yafe bautar ƙasa da aka gano ba ta gaskiya ba ce, ko da yake ta ce ba da saninta aka yi ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a watan Janairu na 2024. Idan kujerar kakaki da ta minista ba su kare masu su ba, wa zai kare ɗan talaka?

Ban da wannan, yanzu mai ɗaukar aiki yana iya duba sakamakon WAEC da NECO ta intanet yana zaune a ofishinsa. Kuma ko takarda ta wuce, aiki zai tona. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da dubu 21 ba su ci ba, ta sallame su. An yi ta gardama a kan adalcin jarrabawar, amma darasinmu a nan shi ne, ranar gwaji tana zuwa. Idan ka rubuta cewa ka iya kwamfuta, ka sa rai za a zaunar da kai a gabanta.

Rage shekaru shi ne jarabar da ta fi kusa da mu, domin ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, dokar 2022 kuma ta kai na malamai 65 da 40. Mutum yakan ce kowa yana yi. Amma mu da aka koya wa dokoki goma tun muna ajin baftisma mun san abin da aka ce game da shaidar zur, kuma rantsuwar kotu shaida ce.

8. Tsabta da aikawa

A buga takardar da kwamfuta a farar takarda, da haruffa iri ɗaya, ba furanni, ba launuka. Idan a shago za a buga maka, ka zauna kusa da mai bugawa, ka karanta kafin ka biya, domin yakan ɗora sunanka a kan ta wani ya manta bai goge wani layi ba. Ka karanta da ƙarfi, sannan ka kai wa malamin Turanci ya duba. Kuskure ɗaya a sunan ma'aikatar ya isa a ajiye ta gefe.

Idan ta intanet za a aika, a mayar da ita PDF, a sa mata sunanka. Manyan kamfanoni sukan sa kwamfuta ta fara tace takardu tana neman kalmomin da ke cikin sanarwar aikin, saboda haka ka karanta sanarwar sosai, ka yi amfani da kalmominta a inda suka dace da kai da gaske. Ka ajiye kwafi a imel ɗinka. Kada ka taɓa ba da takardunka na asali; hoto ake bayarwa, a nuna na asali a ranar tantancewa. Ka duba shafinka na Facebook, domin zagin da ka rubuta bara yana nan yana jiran mai bincike. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya ba ka gurbi, ka riƙe kuɗinka. Iyaye da yawa sun sayar da akuya da buhun gyaɗa sun miƙa wa mazambata.

Kammalawa

Ba mu ce takarda mai kyau za ta ba kowa aiki ba. Guraben kaɗan ne, kuma mun san sanayya tana aiki a ƙasar nan. Amma abin da ke hannunmu shi za a tambaye mu. Suna ɗaya, shekaru na gaskiya, aikin da aka yi da adadinsa, shaidu da suka san mu, da shafi mai tsabta, duk waɗannan ba sa bukatar uban gida. Ku kuma ƙananan ɗalibai, ku sani cewa tun yanzu kuke rubuta taku. Tsintsiyar da aka ba ka ka kula da ita da littafin rajistar aji da aka damƙa miki su ne layukan farko. Mai nema yana tare da samu. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku.

Aikin yi lokacin hutu

1. Ka kwatanta sunanka da ranar haihuwarka a dukan takardunka. Idan akwai saɓani, ka kawo wa malamin ajinku a makon farko na komawa.
2. Ka rubuta ayyuka biyar da ka taɓa yi a gida, ko gona, ko makaranta, ko ikilisiya, kowane da adadi da shekara.
3. Ka rubuta sunayen mutum uku da ba danginka ba waɗanda za su iya tsaya maka shaida. Idan ba su kai uku ba, me za ka yi a wannan shekara domin su kai?